Kwamfutar da Ta Cinye Faifai Uku

Da safiyar Litinin aka wayi gari da gawa a ɗakin wankan masallacin bakin layin dogo a Agege, kuma babu wanda ya san sunan mai ita. Ɗan dako ne daga kasuwar Mile 12. Jiya da yamma ya yanke jiki ya faɗi da buhun albasa a ka, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Abokan aikinsa Mai Jar Hula suke ce masa, don watansa guda kacal a Legas, kuma ba mai yawan magana ba ne. Wani ya ce ɗan Zamfara ne, wani ya rantse Jigawa. Wayarsa ta ɓace a turmutsutsun da aka yi a kansa. Abin da aka samu a aljihunsa shi ne katin Ƙungiyar 'Yan Ci-rani, gumi ya cinye rubutun, sai lamba ta rage: dubu biyu da sha huɗu.

Da a ce lafiya ƙalau ake, wannan lamba ta wadatar. Shekara tara ke nan ƙungiyar tana rubuta duk baƙon da ya sauko daga Arewa a kwamfutar ofishinta: sunansa, hotonsa, garinsu, da lambar wanda za a kira idan ta Allah ta kasance. To amma kwana tara ke nan kwamfutar ta ƙi buɗewa. Faifan da ke ɗauke da sunayen ya mutu. Aka sa na ajiya, shi ma ya bi sahu. Aka sayo sabo fil a leda, bai yi minti biyar ba ya mutu. Kuma duka ukun a hannun mace ɗaya suka mutu, Lami, 'yar Pankshin, Kirista, wadda ita ke buga sunayen tun ranar da aka buɗe ofishin.

Mutanen layin ba su ɓata lokaci wajen haɗa lissafinsu ba. Kafin rana ta ɗaga an riga an gama shari'a a teburin mai shayi: wai biyan ta aka yi ta goge sunayen 'yan Arewa. Wa ya biya ta, kuma me zai yi da goge sunayen masu dakon albasa, wannan babu wanda ya tsaya tambaya. Dattawa suka yanke cewa bayan La'asar za a kai mamacin makwancinsa, da suna ko babu. Matasa kuma suka yanke cewa daga maƙabarta ofishin 'yan sanda za su wuce da Lami.

Sai Alhaji Ɗanbaba, shugaban ƙungiyar, ya aika a kira masa Harouna Mai Sawu.

* * *

Harouna mutumin Tasawa ne ta ƙasar Nijar, shekararsa sha tara a Legas yana gyaran kwamfuta a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin bene. Mahaifinsa mabiyin sawun raƙuma ne, irin wanda ake zuwa ɗauka daga gari mai nisa idan an yi sata. Shi ya koya wa Harouna tun yana ƙarami cewa idan ya isa wurin da aka yi ɓarna kada ya saurari masu ihu, ya duƙa ya dubi ƙasa. Raƙuma sun ƙare masa, amma duƙawar ba ta bar shi ba.

Matarsa Mastura ta rasu shekara huɗu da suka wuce, Allah bai ba su haihuwa ba. Tun daga nan yake cin abinci a tsaye, yana kwana a bayan shagon, kuma yakan yi kwana biyu bai yi magana da kowa ba sai masu kawo gyara. Sau uku Lami tana tare shi a hanya ta ce ya zo a rubuta shi, sau uku yana cewa sai wani satin. Gaskiyar ita ce akwai gurbi ɗaya a takardar da bai san abin da zai sa a ciki ba.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, jikinsa jikin gidan burodi. Alhaji Ɗanbaba na zaune yana jan carbi da sauri. Lami na kusurwa, jakarta a cinya. A bakin ƙofa kuma Malam Alu ne, tsohon da ke share ofishin, ya jingina da tsintsiyarsa.

"Harouna, ka taimake mu," in ji Alhaji. "Bawan Allah nan yana da uwa ko mata a wani wuri. Ba na so mu rufe shi kamar wanda ya faɗo daga sama."

"Bon," in ji Harouna da Faransancin ƙasarsu. "Makulli nawa ne?"

"Uku. Nawa, na Lami, na Malam Alu."

Harouna ya jona faifan uku ɗaya bayan ɗaya a ƙaramar kwamfutarsa ta hannu. Kowanne ya juya lafiya, babu ƙara, babu ƙauri. Amma kowanne ya ce shi ɗan mitsitsi ne, ko hoto goma ba zai ɗauka ba, alhali an ƙera shi ya ɗauki na garin Agege kaf. Rumbu uku, kowanne yana rantsuwa shi ƙwarya ce. Wanda ya goge faifai yakan bar shi fanko ne, ba ya rage masa girma. Harouna ya ajiye su a gefe. Ba ya taɓa faifan da ke ɗauke da amanar mutane sai ya san abin da ya same shi.

Ya kwance murfin babbar kwamfutar, ya duƙa.

Shekara tara na hayaƙin gidan burodi ya shafe cikinta baƙi ƙirin. Fanka baƙa, wayoyi baƙaƙe, har kusoshi. Abu ɗaya ne kawai yake kore shar, tsaf kamar an wanke shi: babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira bod, wanda duk sauran kayan ke maƙale a jikinsa. Ya shafa shi da yatsa, yatsan ya fito fes.

"Wannan allon baƙo ne," in ji shi. "Wani ya cire naku ya sa wannan."

Carbin Alhaji ya tsaya. A bakin ƙofa, Malam Alu ya ci gaba da sharar wurin da ya riga ya share.

* * *

Ya fara da Lami, a waje, ƙarƙashin rumfar kwano, don an fara yayyafi.

"Madam Lami, yaushe kika ga ta lalace?"

"Ran Asabar da safe. Ran Alhamis an ɗauke wuta tun kafin na zo, ba mu yi aiki ba. Juma'a kuma ba mu buɗewa."

"Kin zo ran Juma'ar?"

Ta gyara riƙon jakarta. "Na zo. Lokacin da suna masallaci. Na manta lema na, na ɗauka na tafi. Oga Harouna, ni ko sukurdireba ban iya riƙewa ba."

"Ban da ke, wa ya iya kunna ta?"

Nan ta kau da kai ta dubi kwata. "Ni ce mai aiki da shi," in ji ta, ta tsuke baki.

Harouna ya lura ba amsar tambayarsa ta ba shi ba. Abin bai yi masa daɗi ba, don a ransa ya so a ce ba ta da abin ɓoyewa.

Na biyu shi ne Saminu, shugaban 'yan dako, haifaffen Agege, wanda muryarsa ta fi ta kowa tashi tun safe. An shaida wa Harouna cewa bara Saminu ya taɓa cewa da ma kwamfutar ta ƙone, don kada wata rana a zo a kwashe sunayen yaransa a yi musu sharri da su.

"Na faɗa, ban musa ba," in ji Saminu, yana buga ƙirji. "Amma oga, ni ina da makulli? Kuma wancan satin gaba ɗaya ina hanya da motar tumatir, tambayi kowa. Abi ni aljani ne? Ka bar ɓata lokaci, matar nan ce. Wa ya san wa ya aiko ta sef?"

Direbobi biyu suka tabbatar da tafiyar. Saminu dai baki ne da shi, baki kuma ba ya kwance kusa.

Malam Alu bai ce komai ba sai, "Ni shara ce tawa, ɗana." Idanunsa sun yi ja, Harouna ya ɗauka hayaƙin gidan burodi ne.

* * *

Ya koma ciki ya kunna kwamfutar ba tare da faifai ba, ya shiga ɗan shafin nan mai shuɗi da ke fitowa kafin komai. Kowane allo yana zuwa da 'yar manhajarsa da aka dasa masa tun daga masana'anta, masu gyara na ce mata bayos. Ita ce ke fara gaisawa da faifai duk lokacin da aka kunna. Harouna ya dubi shekarar da aka rubuta ta wannan allon, sai ya saki ajiyar zuciya. Tsohuwa ce tukuf, ta girmi faifan ukun nesa ba kusa ba.

Ya san halin irinta. Tana da wata ɗabi'a ta ajiye kwafin kanta a can ƙarshen duk faifan da aka haɗa ta da shi, ta ja iyaka ta ce daga nan ba a wucewa. A ƙananan faifan zamaninta abin ba ya cutar da kowa. Amma idan ta haɗu da babba, sai ƙidayarta ta rikice, ta ja iyakar tun daga bakin ƙofa, duk abin da ke ciki ya koma bayan katanga. Ba Lami ce ke kashe faifan ba. Ko limamin Juma'a ne ya sa su da hannunsa, haka za su mutu.

"Alhaji, sunayen suna nan," in ji shi. "An rufe su ne, ba a goge ba. Akwai abin da zan ɗauko a shago in buɗe."

"Alhamdu lillahi! To wa ya canja allon?"

Harouna ya gangara ƙasan shafin. Allon yana da ɗan kundi da yake rubuta lokacin da ya fara ganin kowane faifai. Layin farko ya ce Juma'ar waccan, ƙarfe ɗaya da minti arba'in na rana. Murnar gano cutar ta ɗebe shi, sai ya karanta da ƙarfi, bai duba wa ke bakin taga ba.

Saminu ne a bakin taga.

"Kun ji ko!" Muryarsa ta cika layin. "Ɗaya da arba'in, Juma'a! Duk muna sahu a masallaci. Wa ya rage a waje? Wa aka gani a ofis?"

Kafin Harouna ya miƙe, mutane sun cika ƙofar. Alhaji ya tura Lami cikin gidan burodi aka rufe, ya tsaya a bakin ƙofar da kansa yana ba da haƙuri. Da za ta shiga ta waiwayo ta dubi Harouna. Ba ta yi kuka ba, kallon kawai ta yi masa.

Ya tafi shago a ƙafa cikin yayyafi, keke da motocin danfo suna watsa masa ruwan kwata bai ko kauce ba. Kunya ce ta ishe shi. Mahaifinsa bai taɓa ambatar sunan ɓarawo ba sai ya bi sawu har ƙofar gida, shi kuwa ga shi ya ga tako ɗaya ya yi shela. Kuma ko ya ƙi ko ya so, takon wurin Lami ya nufa.

* * *

Ya dawo da abin da ya je ɗauka, ya jona faifan farko a kwamfutarsa, ya ɗage iyakar da aka ja masa. Faifan ya dawo da girmansa. Ya sa shi kwafe komai zuwa wani wuri kafin ya buɗe, aikin da zai ci fiye da awa guda. Ya zauna shi kaɗai a ofishin, babbar kwamfutar na gefe da shuɗin shafinta, ruwa na ɗiga daga kwano.

Ladan ya kira Azahar.

Harouna ya ɗaga kai don ya ga lokaci, idonsa ya faɗa kan agogon da ke saman shuɗin shafin. Takwas da rabi na dare, in ji shi. Ya ciro wayarsa: ɗaya da rabi na rana. Ya sake duban wannan, ya sake duban wancan.

Allon ɗan gwanjo ne, daga wata ƙasa ta gabas mai nisa aka kwaso shi, kuma ɗan batirin da ke riƙe masa agogo bai mutu ba. Har yanzu lokacin garinsu yake bi. Wanda ya ɗaura shi bai tsaya ya gyara ba. Awa bakwai yake gaba da Agege. Ke nan abin da kundin ya kira ɗaya da arba'in na rana, a nan ƙarfe bakwai saura minti ashirin ne na safe.

Ya yi salla, sannan ya zagaya gaban gidan burodin, wurin Habiba. Ita ce ke fara ɗaukar burodi kullum tun da asuba, tana zama a kan benci tana shafa masa bota kafin ta ɗora tire a ka.

"Habiba, da sassafe wa kike gani a ofishin nan?"

"Ah, Baba Alu mana. Kullum, daga masallaci sai nan. Ya sayi shayinsa, ya shiga, ya kunna abin nan ya zauna yana kallo kamar mai kallon ƙwallo. Ni har tsokanar sa nake, in ce Baba wa ya ci? Ba ya ko juyowa."

"Ya iya kunna ta?"

"Ai Anti Lami ce ta koya masa tun tuni."

"Juma'ar waccan fa, shi kaɗai ne?"

Ta ɗaga wuƙar bota tana tunani. "A'a o. Da Shafi'i, maƙwabcinsa mai gyaran waya a Ikeja. Da jaka a bayansa. Yana ta sauri wai kada go-sulo ya kama shi. Lafiya dai?"

"Lafiya lau," in ji Harouna. Ya juya ya koma ofis. Ya samu abin da yake nema, kuma ko kaɗan bai ji daɗin samun ba.

* * *

Saura rabin awa a kira La'asar ya ce a tara su: Alhaji Ɗanbaba, Saminu, Malam Alu, da Lami da aka fito da ita daga gidan burodi, gari ya ɓata mata zane. Sauran jama'a suka cika taga da ƙofa.

"Mamaci tukuna," in ji Harouna. Ya juya kwamfutarsa wurin Lami. "Madam, aikinki ne."

Ta zauna, ta buga lambar. Hoto ya fito: saurayi siriri da jar hula, ya ƙame kamar wanda aka ce kada ya yi numfashi. Wani ɗan dako a taga ya yi salati. Lami ta karanta a hankali: Jamaluddeen Isiyaku, daga wani ƙauye a bayan Gumel. Wadda za a kira, matarsa, A'ishatul Humaira.

Alhaji ya buga lambar. Duk ɗakin ana jin ƙarar shigar kiran. Muryar mace ta ɗauka da fara'a, ana jin kukan akuya a bayanta, ta ce, "Salamu alaikum, wa ke magana?" Alhaji ya dafe goshi ya fita waje da wayar.

Da ya dawo idonsa jawur, ya ce, "Sun ce a rufe shi a nan, sun yafe masa. Wansa zai taso gobe ya ga kabarin."

"To saura ɓarauniya," in ji Saminu, amma muryar ta ragu.

Harouna ya miƙe. "Kafin komai, Madam Lami, ki yafe mini. Ni na karanta abin da ban tantance ba, na jefa ki a bakin mutane." Ya juya babbar kwamfutar ta fuskanci taga. "Saminu, ƙarfe nawa a wayarka?"

"Huɗu saura kwata."

"Nan fa?"

Saminu ya matso ya ƙura ido. "Sha ɗaya saura kwata... na dare?"

"Agogon allon nan awa bakwai yake gaba da mu. Ba lokacin Juma'a aka ɗaura shi ba, da sassafe ne, bakwai saura. A lokacin Madam Lami ko fitowa daga gida ba ta yi ba. Kuma faifan ba mutum ya kashe su ba, allon ne bai san irinsu ba. Wanda ya kawo shi gyara ya yi niyya, ba ɓarna ba."

Bai ambaci suna ba, bai kuma dubi kowa ba. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Can sai aka ji tsintsiya ta faɗi.

"Ni ne," in ji Malam Alu.

Ya tako tsakiyar ɗakin. "Lami, buɗe musu lamba ɗaya."

Ta buɗe. Wani saurayi ne mai faɗin goshi, hoton ya ɗan dushe. Tsofaffin layin sun san shi, matasa ba su sani ba. Khamisu ne, ɗan Malam Alu tilo. Shekara goma da suka wuce mota ta buge shi a hanyar Mile 12, aka rufe shi ba a san ko ɗan wa ba ne. Uban ya baro ƙauye ya yi wata biyar yana yawo a Legas da ɗan hoto a hannu kafin ya gano kabarin. A kan wannan aka kafa rajistar, aka sa Khamisu a farko. Malam Alu bai koma gida ba, ya ce babu wanda zai koma wa. Hoton takardar kuma ambaliya ta cinye shi shekara uku da suka wuce.

"Nan kaɗai fuskarsa ta rage," in ji tsohon. "Kullum in na fito Asuba nakan zo mu gaisa. Ran Alhamis na ɗora kofin shayi a kan akwatin, jirgin ƙasa ya zo wucewa, ƙasa ta girgiza, shayin ya tuntsure ciki. Na ji ƙauri. Na roƙi Shafi'i ya rufa mini asiri, ya samo wani allon ya ce iri ɗaya ne. Ya ɗaura, ya ga fanka ta juya, ya tafi. Ni kuwa na jira yaron ya fito, bai fito ba." Ya share fuska da hannun riga. "Na zaci na kashe shi karo na biyu, na haɗa da 'ya'yan mutane dubu biyu. Na ji tsoro a karɓe makullin. Ina ji ana zagin yarinyar nan, bakina ya ƙi buɗuwa. Ita ta san ina kunnawa, kuma ba ta faɗa ba."

Duk aka juya wurin Lami.

"In na faɗa, shi za ku ja zuwa waje," in ji ta. "Ni aƙalla ina da ƙarfin tsayuwa."

Saminu ya sosa ƙeya, ya yi wani gunaguni mai kama da ban haƙuri. Lami ba ta ko dube shi ba.

"Shekara tara ina rubuta garin kowa a nan," in ji ta. "Ba wanda ya taɓa tambaya na sunan ƙauye na. Amma yau kowa ya san wanda ya aiko ni."

Malam Alu ya ciro makulli daga aljihu ya miƙa wa Alhaji. Alhaji ya daɗe yana kallon sa, sannan ya ce, "Mayar aljihunka. Amma daga yau a waje za ka riƙa shan shayinka." Ladan ya kira La'asar, aka watse zuwa jana'iza. Da liman ya tambayi sunan mamaci, mutum fiye da goma suka amsa a tare.

* * *

Daga maƙabarta Harouna bai wuce shago kai tsaye ba. Ya biya wurin mai wankin hoto, sannan ya dawo ofis. Lami na nan tana haɗa jakarta, Malam Alu na zaune a dakalin ƙofa. Harouna ya miƙa masa ambulan. Hoton Khamisu ne guda biyu, an rufe su da roba yadda ruwa ba zai taɓa su ba. Tsohon ya riƙe su da hannu biyu, ya ƙura musu ido.

"Gobe zan sabunta manhajar allon in gyara agogon," Harouna ya ce wa Lami. "Kafin nan kada a sa masa faifai. Za ki zo goben?"

"Ban sani ba tukuna," in ji ta. Ta dubi kwamfutarsa da ke buɗe a kan tebur, rajistar na ciki. Sai ta ajiye jakar ta ja kujera. "Amma kai zauna. Yau ba wani satin."

Ya zauna. Ta ɗauki hotonsa da waya. Suna, ya faɗa. Gari, Tasawa. Sana'a, gyaran kwamfuta.

"Wa za a kira?"

Harouna ya dubi gurbin. Iyayensa sun daɗe da rasuwa, gidansu na Tasawa an sayar, lambar Mastura kuma har yanzu tana wayarsa amma tuni kamfani ya ba wani. Ya lalubi duk mutanen da ya sani a duniya, bai samu wanda zai ɗaga waya ya yi kuka ba. Yau da hannunsa ya nemo wa baƙo danginsa, shi kuwa ko mutum ɗaya ya gagare shi.

"Bar shi haka nan," in ji shi a hankali. "Babu."

"Ba a barin shi haka. In ban cika ba, ba zai shiga ba."

Daga bakin ƙofa Malam Alu ya yi gyaran murya. Bai ɗago daga kallon hoton ba.

"Rubuta tawa," in ji shi. "Da alama ni zan riga shi, amma rubuta. In an kira, zan zo."

Ya fara karanto lambar ɗaya bayan ɗaya, Lami tana bugawa. Da ta iso gurbin da ake sa dangantaka sai ta tsaya, ta dubi Harouna.

"Sa uba," in ji tsohon.